Sunan Wa Zai Hau Sama

Ƙanena, wanda jami'a gaba ɗaya ke rusuna wa ana ce masa Farfesa, ni Auta nake ce masa, don ni na goye shi, kuma bayana ya sha fitsarinsa. Tun da matarsa ta rasu na tattaro komatsaina na dawo gidansa a unguwar malamai. Ina yi masa girki, ina kuma sa ido a kan maƙwabta, wanda shi ma aiki ne.

Wata rana ya dawo daga ofishin tallafin bincike, ya jefar da jaka, ya zauna a falo da takalmi a ƙafa. Na tambaye shi ko rasuwa aka yi, ya ce a'a. Na ce to wa ya taɓa shi, ya ce in ƙyale shi ya huta. Ni kuwa a ce mini in ƙyale, kamar an aike ni ne.

Washegari na yafa mayafi na nufi ofishin. Ɗaki ne a saman bene, da fanka mai kukan ƙwaro da injin buga takarda da sai an mare shi yake aiki. Malamai na zaune a benci, kowa rungume da fayil kamar masu jego a layin rigakafi. Shugabar wurin ita ake kira Mai Hatimi, don takardar neman tallafi ba ta fita daga jami'a sai ta buga mata tambari. Gajeruwa ce mai jiki, tabarau rataye a wuya, kuma Allah ya haɗa jininmu, don ita ma kunnenta ba ya ƙin daɗi. Na ba ta labarin matar likitan da ke kusa da mu, wadda ta sayar da firji mijinta bai sani ba. Ita kuma ta biya ni da labarin ƙanena.

Ga yadda abin yake. Auta ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gonar gwaji da ke bayan ɗakunan karatu, yana aura wa lemo saiwa mai ƙarfi, wato ya haɗa reshensa da gindin wani irin lemon, don ya jure wata cuta da ke busar da bishiya tun daga ƙasa. Na ƙarshen da ya dasa ba su fara 'ya'ya ba, sai nan da wasu shekaru. Jami'a kuwa ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan filin, tana so ta yi wurin ajiye motoci. Abin da ya hana ta shi ne, ba a taɓa filin da ake binciken da ke da tallafi a kansa. Tallafin Auta zai ƙare bana. Masu ba da sabon kuma sun sa sharaɗi: wanda sunansa zai hau sama a matsayin jagoran bincike, dole ya kasance yana bakin aiki har a gama. Auta kuwa baɗi zai yi ritaya.

Mai Hatimi ta ce hanya ɗaya ce. A sa sunan mataimakiyarsa a sama, shi ya koma mai ba da shawara a ƙasa. Ta faɗa masa haka, ya tashi ya fita ko sallama babu. Ga lokacin rufe karɓar takardu ya matso. In ba a aika ba, katafila za ta shiga lemo.

Mataimakiyar na san ta sarai. Dakta ce, ɗalibarsa ce tun tana budurwa, ni Siririya nake ce mata. Yanzu 'ya'yanta sun kai sakandare, furfura ta fara leƙo mata ta gefen ɗankwali, amma har yau in Auta ya shigo ɗaki sai ta miƙe tsaye.

Da na koma gida na tare shi. Ya ce yarinyar nan ba ta isa ba tukuna. Na ce wace yarinya, wadda ta kusa yin suruki? Na ce ya faɗi gaskiya, kishin suna ne ke cin sa, tun yana ƙarami ba ya yarda a riga shi shiga ƙofa.

"Yaya, ba ki gane ba," in ji shi.

"To ganar da ni, mai digiri."

Bai ganar da ni ba. Ya ɗauki hula ya tafi wajen bishiyoyinsa.

Ita ma Siririya ba ta taimaki kanta ba. Ta zo gaishe shi, suka zauna suna ta zancen ƙwari da ban ruwa, babu wanda ya taɓo maganar. Da ta shigo kicin ajiye kofi na ritsa ta a bakin murhu. Ta sunkuyar da kai ta ce ita kunya take ji, ina ita ina ɗora sunanta a kan na Malam. Na ce ta ci gaba da jin kunya, in motoci sun jeru a kan lemon sai ta je ta ji kunyarsu su ma.

Mai Hatimi ce ta samo dabara. A ofishinta, kafin a aika kowace takarda, sai an zaunar da jagoran bincike a gaban wasu malamai su yi kamar su ne masu ba da tallafin, su yi ta jefa masa tambayoyi, don kada ya je gaban na gaske bakinsa ya mutu. Ta aika wa Auta cewa za a gwada Siririya, gwaji kawai, ba alkawari. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗin shi ma yana cikin masu tambaya. Na ga yadda ya goge tabarau a ranar, na ce yau yarinyar mutane ta shiga uku.

Ni ma na je. Na ce maganin hawan jininsa na kawo masa, na samu kujera kusa da injin buga takarda na lafe.

Sauran malaman biyu suka yi tambayoyinsu na ladabi, ta amsa. Sai Auta ya gyara zama. Ya tambaye ta ruwa, ya tambaye ta taki, ya tambaye ta wa zai yi gadi in ɗalibai sun tafi hutu, da abin da za ta yi in injin ban ruwa ya lalace masu tallafi kuma suka ce ba ya cikin tsari. Babu wadda ta kasa amsawa. Duk amsar da ta bayar sai ta liƙa mata "kamar yadda Malam ya koya mana". Na lura duk lokacin da ta faɗi haka sai fuskarsa ta ƙara ɗaurewa, maimakon ta saki.

Can ya cire tabarau ya ajiye a tebur.

"Dakta, a ce an ba ki tallafin. Shekaru sun tafi, bishiyoyi sun yi 'ya'ya, sai kika ga tsohon nan da ya fara aikin ya yi kuskure tun daga tushe. Me za ki rubuta wa mutanen nan?"

Siririya ta dubi hannunta, ta dubi Mai Hatimi, Mai Hatimi ta dubi silin.

"Zan rubuta cewa ya yi kuskure, ranka ya daɗe," ta ce a hankali. "Amma sai na fara zuwa gida na faɗa masa da bakina."

"Za ki iya?"

Ta ɗago kai ta dube shi. Sai ta ce, "Layin da ke jikin katanga, Malam. Saiwar da aka aura musu ba ita ba ce ta dace. Ganyensu na rawaya tun daga ƙasa, kuma ba ƙishirwa ba ce kamar yadda kake cewa. Na daɗe da gani."

"Kin daɗe da gani, me ya hana ki faɗa?"

"Sunanka ne a sama."

Ni dai na zuba ido, don na san Auta da zuciya. Sai na ga haɓarsa tana motsi irin yadda take yi tun yana yaro in yana so ya ɓoye abu. A nan na gane abin da ya ƙi ganar da ni. Kishin sunan yana nan, ba zan wanke shi tas ba, ƙanena ne na san halinsa. Amma abin da ya fi tsorata shi, kada ya bar bishiyoyinsa a hannun wadda za ta gwammace su mutu da ta ce Malam bai yi daidai ba.

Ya miƙa hannu wajen Mai Hatimi. Ita kuwa dama takardar na kan cinyarta, ashe tun shekaranjiya ta buga ta da sunan Siririya a sama, munafuka. Ya karanta shafin farko, ya gangara da yatsa har ya samo sunansa can ƙasa kusa da na mai kula da ɗakin gwaji, ya sa hannu. Hatimi ya sauka, tim.

Siririya ta miƙe za ta durƙusa, ya ce ta bar wannan, jagora ba ta durƙuso a ofis. Ya ce kuma kada ta ɗauka ya yarda da maganar katanga, shi har yanzu ƙishirwa ya gani, ta zo ta nuna masa.

Muka sauko daga bene, ni a baya ina jan gwiwa. A ƙofar gonar gwaji ta tsaya ta ba shi hanya kamar kullum. Shi ma ya tsaya. Suka yi cirko-cirko a rana, har na ce in ba mai shiga ni su matsa in wuce.

"Ke kika san inda ciwon yake," ya ce da ita. "Wuce mu je."

Ta shiga gaba, ya bi ta tsakanin layukan lemo, hannunsa a baya, yana ta musu.