Allon Kwanaki

Zarton bai canza murya ba. Yadda yake ratsa ƙashin saniya mai ƙanƙara, haka ya ratsa yatsu biyu na hannun daman Jibrin, ya ci gaba da kukansa.

Rabilu, mai miƙa masa nama daga kwali, shi kaɗai ya gani. Ya buɗe baki zai yi ihu, Jibrin ya dube shi duba ɗaya, bakin ya rufe. Dattijon ya kashe injin da gwiwa, ya naɗe hannun da tsumma ya cusa a aljihun rigar aiki, ya tsince yatsun da hagu, sannan ya watsa ruwa a kan tebur.

"Baba Jibrin, mu je asibiti."

"Miƙo cinya."

"Baba, hannunka fa."

"Shekarata goma sha ɗaya a firigon nan. Mutum nawa ka ga sun shekara? Miƙo cinya, na ce."

A bakin ƙofar firigon, wato wannan ɗakin sanyi na ajiye nama a unguwar Treichville, akwai baƙin allo, inda ake rubuta kwanakin da aka yi ba a sami haɗari ba, don masu bincike su gani su yaba. Ran nan ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Wanda ya mayar da lambar sifili a ƙarshe, Musbahu ne, da kwali ya karya masa ƙafa. Ba a sake sabunta masa takardar aiki ta wata uku ba, shi da duk mutanen layin aikinsa. Safar hannu ta ƙarfe kuwa tana kulle a kabad ɗin shef, shugaban ma'aikata, sai ranar baƙi take fitowa.

Al'adar wurin, wanda ya fi daɗewa shi ke rubuta lambar kowace safiya. Jibrin bai yi boko ba, amma lambobinsa tsaye suke kamar na ɗab'i, har direbobi kan tsaya su kalla.

Har la'asar yana tura ƙashi da hagu da gwiwar hannu. Gumi na zuba masa a ɗakin da ruwa ke daskarewa. Rabilu ya sha ganin ƙarfin maza a bakin tashar jiragen ruwa, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya rasa tsoron mutumin yake ji ko girmansa.

*

A gidan Jibrin da ke unguwar Bracodi, matarsa Kande ta warware tsumman. Ita ta kira nas ɗin unguwa ya ɗinke. Yatsun kuwa Jibrin ya wanke su, ya sa a farin ƙyalle, ya binne a bayan masallaci kafin magariba.

"Malam, aikin ya fi hannunka ne?"

"Fito da safe ki ga layin da ke bakin ƙofar wurin aikinmu. Duk wanda ke ciki yatsunsa goma."

"To su ɗauke su mana."

"Shi nake gudu, Kande. Ba ni gawayi."

Ya durƙusa a kan siminti yana koyon rubutu da hagu, kamar ɗan ajin farko. Huɗu ta tsaya, ɗaya ta tsaya. Uku ce ta ƙi, kullum sai ta kwanta. Kande ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon furfurarsa, har tuwon ya kama.

*

Da safe layin masu neman aiki ya kai kwanar titi. Jibrin ya ɗauki alli ya rubuta ɗari huɗu da goma sha uku. Shef ya zo wucewa da kofinsa, ya ci birki.

"Papa, yau ukunka ta sha giya ne?"

Aka yi dariya kaɗan.

"Fito da hannun dama in gani."

Jibrin ya fito da shi. Dariyar ta ɗauke. Shef ya dubi bandejin, ya dubi allon, ya rage murya.

"A gida ka ji ciwon, ko ba haka ba?"

Jibrin ya waiwaya. Mutum shida ne a layinsa, kowa ya sunkuyar da kai. Matar Rabilu ko arba'in ba ta yi ba.

"A gida ne," ya ce.

"Yauwa. Je ka huta, Papa. In ka warke za mu neme ka."

Duk wanda ke wurin ya san ba a taɓa neman kowa ba. Shef ya goge lambar da tafin hannu, ya tambayi wa ya fi daɗewa yanzu. Aka duba, aka sake dubawa. Rabilu ne, da wata bakwai.

Rabilu ya ɗauki allin ya fara sake rubuta lambar. Jibrin ya cire rigar aiki ya rataye, ya tsaya a bayansa yana kallo.

"Miƙar da ukun," ya ce a hankali. "Mutane na gani."

Rabilu ya miƙar da ita.

Shef ya yafito mutum na farko a layin masu neman aiki. Kafin Jibrin ya kai bakin titi zarton ya tashi, da muryarsa ta jiya, sabon mutumin yana tura ƙashi da hannu tsirara.