Saƙon Bakanike

Wayar Malam tana jingine da kwalbar maganin tari, fuskarta da tsaga a kusurwa, tana haske duk lokacin da saƙo ya shigo. Shi kuwa yana kwance, idonsa a kanta.

"Mai digiri, wa ya turo?" Muryarsa ta koma kamar ana murza takarda.

Haka yake kirana tun da na gama jami'a na dawo gida zaman jiran aiki. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ni nake shigowa in riƙe masa wayar tunda hannunsa ya fara rawa.

"Bakaniken nan ne, Malam. Saƙon murya. In buɗe?"

Ya girgiza kai.

Bayan ya yi ritaya ne Malam ya buɗe guruf a waya yana koyar da Turanci: teloli, direbobi, wata mai gyaran gashi, mutanen da bai taɓa gani ba. Dokarsa, ba rubutu, sai murya. Kullum da safe ya jefa tambaya, kowa ya amsa da bakinsa. Kuma ba ya buɗe saƙo sai ya shirya amsawa nan take, domin wayar tana nuna wa mutum an saurare shi.

"Wanda ya cire kunya ya yi magana, ka ji shi ka yi shiru, ka ɗinke masa baki ke nan," in ji shi.

Bakaniken ya daɗe a ajin bai ce uffan ba, sai hoton babban yatsa yake turowa. Malam ya yi ta lallashi har da zolaya: "Kai da ka san injin da ba a tayarwa tsatsa yake yi!" Sai ga shi ya yi magana, a makon da ciwon maƙogwaro ya cinye muryar Malam.

Mama, matarsa, ta shigo da ruwan ɗumi. "Malam, ka bar yarinyar nan ta gaya musu ba ka da lafiya mana. Ciwo abin kunya ne?"

"In sun ji, sai sannu-sannu, karatu ya tashi. Jibi zan miƙe."

"Jibin nan naka a ƙafa yake tahowa?"

Ya fara murmushi, tari ya ƙwace shi.

Ya taɓa gwada tura musu saƙon murya. Na danna na riƙe, ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Ya yi min alama in goge.

Saƙonni suka taru ba a buɗe ba, sai aka fara watsewa. Wayar takan rubuta da ƙananan haruffa, wane ya fita. Mai gyaran gashi ta rubuto, "Malam ya gaji da mu," ita ma ta fita.

"Bakaniken fa?"

"Yana nan, Malam."

"To." Ya lumshe ido.

Da hantsi Malam ya cika, ina tsakar gida ina wanke wa Mama kofuna.

Da masu gaisuwa suka ragu, Mama ta kira ni ɗakinsa. An naɗe katifar, kwalbar tana inda take. Ta miƙo min wayar.

"Buɗe min na yaron nan in ji."

Na danna. Ƙarar guduma daga nesa, sai wata murya mai kauri tana rawa, tana ɗauko kalmomin Turanci ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Ya gaishe da Malam. Ya faɗi sana'arsa, ya yi tuntuɓe, ya sake farawa. Can ya ajiye Turancin: "Malam, na yi daidai? Kar ka yi min dariya fa."

Alamar saƙon ta canza launi. Nan da nan wayar ta nuna yana kan layi, ya gani, yana jira.

"Ki gaya masa, 'yata."

Na danna na riƙe. Na rasa ta inda zan fara, na goge. Na sake dannawa, na sake gogewa. Ina cikin haɗa kalmomi ƙananan haruffan nan suka bayyana a ƙasan saƙonsa: shi ma ya fita.

"Me aka rubuta?"

Na kasa ɗaga kai. Mama ta dube ni, ta karɓi wayar, ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta jingina ta da kwalbar yadda yake ajiye ta. Ta ja ƙofar a hankali ta fita.