Ranar da Gilles Ya Ɗaga Mashinsa

Tun lokacin kaka Ancel ya lura yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Mahaut. Barde ne da ya tsufa a kan sirdi, duk ƙasar Flandre babu fagen karon mashi da ba a san baƙar garkuwarsa ba. Da aka yi shelar wasan bazara a Lille, ya sa aka goge masa sulke.

A can ya tarar da amininsa Gilles, wanda tun suna samari suka yi wa ubangida ɗaya barantaka. Yana zaune bakin tanti yana cin burodi da cuku.

"Kai, tsohon banza, ashe ba ka mutu ba?" in ji Gilles. "Na ɗauka Mahaut ta ɗaure ka a gindin murhu."

"Kayar da kai na zo yi. Wannan tumbin naka wane dokin zai ɗauka?"

Suka tuntsire da dariya. Gilles ya miƙo masa kofin giya. Ancel ya kai hannu, sai ya damƙi iska. Gilles ya daina tauna.

"Tun yaushe?"

"Rana ce ta kashe min ido."

"Wace ranar? Hadari ne a sama, Ancel. Je ka janye. Ka ce dokinka ya gurɗe."

"In koma gida ana nuna ni da baki? Na rantse a coci zan hau. In ka faɗa wa wani, ni da kai har abada."

Washegari da sankira mai shela ya kira sunaye, Ancel ya ji da Gilles aka haɗa shi. Bai san Gilles ne ya je ya roƙi hakan ba.

Aka busa ƙaho. Dawakan suka zaburo, shingen katako a tsakaninsu. Ta 'yar tsagar kwalkwali Ancel ba ya ganin komai sai wani jan abu yana tahowa. Ya saita mashi inda yake zaton garkuwa take. Abin da 'yan kallo suka gani shi bai gani ba: Gilles ya ɗaga nasa mashin sama, ya karkato da garkuwa don abokinsa ya samu wurin duka. Mashin Ancel ya zame ta samanta, ya shige tsakanin kwalkwali da sulken wuya.

Gilles ya faɗo daga kan doki. Ancel ya diro, ya bi shinge da lalube har ya durƙusa a kansa.

"Garkuwa kamar ƙofar rumbu na ba ka," in ji Gilles, jini na bin gemunsa, "amma ka rasa ta."

"Don me ba ka kawo min duka ba, ɗan'uwa? Don me?"

"Da wani yaro aka haɗa ka, da yanzu kai ne a kwance."

Kafin limamin coci ya gama addu'a, rai ya yi halinsa.

Alƙalan wasa suka ce tsautsayi ne, ba laifin kowa. Ancel da kansa ya raka gawar har ƙauyen Gilles, a ƙasa, yana dafe da keken dokin da ya ɗauko ta. Matar marigayin ta kama hannuwansa tana kuka, tana yi masa godiya da bai bar mijinta a hannun baƙi ba. Ya juyo gida ya bar ta ba ta san idonsa ne sanadi ba.

Bai sake hawa doki ba. Ingarmansa ya bai wa wani manomi, ya ƙare a jan garma. Kafin sanyi ya zagayo idon ya rufe gaba ɗaya. Mahaut ce ke jan hannunsa zuwa coci, duk Lahadi ya kunna wa Gilles kyandir, ita ke kai masa hannu kan lagwanin. In barade suka wuce ta hanya da ƙahoni za su wasa, sai ya ce da ita a hankali ta tura ƙofa.