Tumatirin Ungozoma

Tun da Ungozoma ta yi ritaya daga asibiti ta koma ɗan gidan da ta gina a sabuwar unguwa, ƙofarta ba ta ga baƙo ba. Maƙwabta sai dai "ina kwana" daga nesa. Matar da ta saba da kukan jarirai, ga ta yau tana hira da agogon bango. 'Yarta Auta kuwa ta kafe: a ba da gidan haya, Mama ta dawo wurinsu. Ita ba ta so, amma ba ta da hujja, don kaɗaicin ya fara cin ta.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa, sai ta sayo irin tumatir don rage zaman banza. Mai sayar da irin ya ce ta yafa kaɗan a tsohuwar roba mai huji. Ungozoma ba ta san kaɗan ba, ta juye ƙullin gaba ɗaya. Suka fito cunkus kamar gashin kai, sirara, ganyen har ya fara rawaya.

Auta ta zo ta leƙa robar, ta ce, "Mama, ai sai kin rage su. Ki bar masu ƙarfi, ki tsige raunanan ki zubar."

"In zubar? Ni da na raini bakwaini a tafin hannuna ban taɓa cewa wannan ba zai yi ba, sai yau a kan tumatir?"

"To duk za su mutu miki."

Gaskiyar yarinyar ce, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan.

Washegari ta tattaro gwangwanayen madara, ta huda gindinsu da ƙusa, ta cika su da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki. Ta zuba musu ruwa, ta jira ya zauna. Da yamma, rana ta yi sanyi, ta riƙa ɗago 'yan tumatirin ɗaya-ɗaya da ƙaramin cokali, kowanne da ƙasar saiwarsa, tana riƙe ganye ba kara ba. Ko ɗaya bai je bola ba. Sai dai tsakar gida ta cika maƙil, ko hanyar banɗaki babu.

Dole ta sa ta jera wasu a faranti, ta fita tana ƙwanƙwasa ƙofofin da ba ta taɓa shiga ba, kunya kamar ta nutse. Matar makanike ce ta fara buɗewa.

"Ga shi, 'yata. Ki bar shi a inuwa ya farfaɗo kafin ki dasa. Ruwa da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. In ya tasa ki kafa masa sanda." Sai bakinta ya ƙarasa da abin da ya saba faɗa wa masu jego: "In kin ga wani abu, ki dawo min da shi."

Ashe mutane suna jin magana. Matar makanike ta dawo, nata ya naɗe ganye. Tela ya zo, nasa ya yi tsawon banza ba fure, ashe a bayan shago ya dasa inda rana ba ta kaiwa. Ungozoma ta wanke shi tas, yana ta dariya yana ba da haƙuri. Wadda ta zo don tsutsa sai ta zarce da zancen ciwon bayan mijinta. Rabon da Ungozoma ta ji daɗi irin wannan har ta manta.

Ranar da Auta ta zo da wanda zai kama hayar, ta tarar tabarma cike da mata, kowace da gwangwani a gabanta.

"Mama, maganarmu fa?"

Ungozoma tana juya wani ganye tana duba bayansa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ki ba bawan Allah haƙuri, gida ba na haya ba ne. Ke kuma samu wuri ki zauna, ba ki ga layi ba?"