Lambu a Bayan Gidan Nagoggo

A bayan gidan Nagoggo, cikin garin Daura, akwai wani fili da aka taɓa yin masana'antar gyaran batir. Tun da aka rufe ta ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa. In ruwa ya sauka sai wari ya cika unguwa.

Jikarta Raihana ta gama karatun ƙasar noma ta dawo gida. Ita ta bi mai unguwa da ƙaramar hukuma da naci har aka yarda a kwashe gurɓatacciyar ƙasar, a zuba sabuwa daga wajen Sandamu, a yi wa matan unguwa lambu.

Ranar da motocin tifa suka fara aiki, Nagoggo ta fito da kujerarta ta zauna bakin katanga tana ba da umarni, alhali ba wanda ya naɗa ta. Zailani, direban tifar farko, shi ta fi takura wa.

"Kai yaro, can gefen ka bari. Ko sai na karɓi motar?"

"Ga makulli, Hajiya," in ji shi, yana dariya.

Ana zuba sabuwar ƙasa, Nagoggo ta ɗauko irin kuɓewa a ƙullin zanenta. Raihana ta tare ta.

"Kaka, ki dakata. Sai an gwada ƙasar an ga gubar ta fita."

"Ni da na girmi filin zan jira shi?"

"Za ki jira. Miyar nan ni ma zan sha."

Nagoggo ta mayar da irin tana gunaguni. Kullum da safe sai ta tambaya ko sakamako ya zo. Da ya zo, sai aka ga kusurwar gabas ba ta yi kyau ba, dole aka sake haƙa ta. Zailani ya dawo da tifarsa, kuma aka lura bai ji haushin dawowar ba. Ruwan sha ma sai daga hannun Raihana yake karɓa.

Damina na faɗuwa aka raba kunyoyi. Kafin kaka, alayyafo da yakuwa sun rufe filin, mata na tsinka suna hira. A nan cikin lambun Zailani ya durƙusa ya gaida Nagoggo, ya ce iyayensa na son zuwa ranar Juma'a.

Ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta dubi Raihana da ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Su zo bayan la'asar," ta ce. "Yanzu dai riƙe min kwandon nan."