Mai Turi

Kawu Sama'ila ne ya kawo shi daga Ikko, shekarar da ya kai shanu kudu: wani katako mai ƙananan tayoyi huɗu, samansa da kaushi kamar dutsen niƙa. Guda ɗaya ya sayo, alhali ya san ba a yi wa tagwaye kyautar abu ɗaya. Inna Talatu ta yi faɗa har ta gaji, Kawu ya ce ai na Hussaini ne, mace me za ta yi da shi. Hasana na jin haka ta sunkuci katakon ta yi waje, Hussaini na biye da ita.

A Daura ta wancan lokaci ba wanda ya taɓa ganin yadda ake hawansa. Sai yaran suka yanke wa kansu cewa abin na mutum biyu ne, ɗaya ya hau, ɗaya ya dafa bayansa ya tura da gudu. A tsohon simintin shanyar gyaɗa na bayan unguwa suka ƙare ƙuruciyarsu, gwiwoyi duk tabo. Hasana ta fi iya turi, mugun turi ma, don ba ta sakin mutum sai ta ji ya fara salati.

Girma ya zo, aka jefa katakon bayan rumbu. Hasana ta yi aure a Baure, Hussaini ya zama tela. Bara ciwon ciki ya ɗauke ta farat ɗaya, kuma tun daga ranar Hussaini bai sake zama mutum ba. Ya rame, wuya ya fito, ɗinkin mutane ya taru a shago. Mutane kuwa, da ba sa rasa abin faɗa, suka shiga cewa tagwaye in ɗaya ya tafi sai ya ja ɗan'uwansa. Inna ta ce camfi ne, amma kullum sai ta aiko a duba ko ya tashi lafiya. Shi kansa bai musa ba. A ransa ya fi son ya bi ta, kuma wannan son yana ba shi tsoro.

Matarsa Rauda ce ta nuna masa wani bidiyo a waya, don dai ta ga haƙoransa. Wasu samari ne a kan irin katakon, kowa ƙafa ɗaya a sama, ɗaya tana dukan ƙasa.

"Malam, ashe da ƙafa ake tura shi. Ku da kuka ce sai mutum biyu?"

Bai yi dariya ba. Bayan la'asar ya je gidan Inna ya tono katakon, ya zuba wa tayoyin man keken ɗinki, ya nufi simintin.

Wurin na nan, sai dai ya tsattsage, ciyawa ta fito. An yi shi da ɗan gangare saboda ruwan sama. A da can ƙarshensa yashi ne mai laushi, yanzu kuwa kwalta ce, manyan motoci na wucewa Zango. Ya hau, ƙato da gemu a kan abin wasan yara. Ya san abin da ya gani a waya, amma jikinsa bai sani ba. Sai ya tsaya kawai, ya ɗan ranƙwafa, yana jira.

Ya ji tafin hannu biyu a bayansa, daidai ƙasan kafaɗa, da ɗuminsu. Katakon ya motsa.

Bai waiwaya ba, don kada su ɗauke. Tayoyi suka fara gurnani a kan siminti, iska ta cika masa riga, daɗi ya kama shi irin wanda ya manta akwai shi a duniya. Gudu ya ƙaru. Can gaba wata tirela shaƙe da buhuna ta taho tana hon, hannuwan kuma ba su da niyyar saki. Shi ma bai so su sake shi ba.

Salati ne ya fito masa ba da shawararsa ba. Ya saukar da ƙafar dama, takalmi ya karci siminti, ya tafi taga-taga ya zube a gefen titi. Tirelar ta wuce, yaron mota na zaginsa daga sama.

Ya daɗe zaune, gwiwa na jini. Ya ce a hankali, "Hasana, ki yi gaba. Ni da saura."

Ya juya katakon ya fuskanci gida, ya ɗora ƙafar hagu, ya daki ƙasa da ta dama. Abin ya tafi a karkace, kaɗan, amma ya tafi. Ya sake duka. Bayansa ya yi sanyi, babu kowa a wurin, sai a lokacin ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.