Gayyar Rufin Gidan Saje Dawuda

Ranar wata Litinin ce a ƙarshen Afrilu, zafi ya dafa garin Zuru, hadari yana leƙowa ta bayan duwatsu yana komawa. A ranar ne Kefas ya yi wa kansa ƙarin girma, ya tashi daga magini ya koma ɗan kwangila.

Dalili kuwa, Saje Dawuda, wani tsohon soja a Dabai, ya ba shi ginin ɗaki biyu da falo. Bangon tubalin laka ya riga ya tashi, saura katako da kwano. Dole a rufe shi kafin ruwan farko, in ba haka ba laka ta koma inda ta fito. Wannan ne aikin farko da Kefas ya karɓa da sunansa, kuma ya san in ya fita kunya, duk tsofaffin sojojin unguwar masu fili shi za su nema.

To amma babban ɗan kwangila ba ya aiki da maganar baki. Sai ya hau babur ya tafi shagon Peculiar, mai buga takardu a bakin tasha. Ta buɗe masa wani shafi a intanet da ke haɗa wa mutum takardar kwangila: ga sharuɗɗa a jere, kowanne da ɗan akwati a gefe, ka taɓa wanda kake so. Ta ce bari ta karanta masa su, tunda Turancin mai nauyi ne. Ya ce ba shi da lokaci. Da ya ji cewa akwatunan kyauta ne, ya sa ta taɓa su duka, don takarda ta yi kauri.

Da suka iso gurbin lambar lasisi, ta ɗago kai. Kefas ya taɓa jin cewa sai mutum ya yi rajistar kamfani, ya kawo shaidar haraji, ya yi ta zirga-zirga har Birnin Kebbi. Shi ko kwali bai mallaka ba.

“Rubuta yana hanya,” in ji shi.

“Daga wane gari ya taso, Oga Injiniya?”

Kefas ya karɓi takardunsa da ɗumi ya fita.

Saje ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin abin da aka rubuta, ba ya tambayar dalili. Ya sa ’yarsa Dinah ta fassara masa layi layi. Da ta zo inda aka ce duk wanda ba shi da lasisi ba zai taka filin ginin ba, balle ya taɓa aiki, sai ya gyaɗa kai, ya ce yau ya ga farar hula mai tsari. Ya sa hannu. Kefas yana can gefe yana ɗaukar kansa hoto da takardar, bai ji komai ba.

An sa gayyar rufi ranar Asabar. A Dabai haka ake yi: dangi da maƙwabta da matasan coci su taru, wasu su miƙa katako, wasu kwano, kafinta yana sama yana bugawa, kafin la’asar gida ya rufu. Ladansu tuwo da kunu. Saloma matar Saje ta yanka akuya, ta ɗora manyan tukwane tun da safe.

Kefas ya iso da sabuwar hular kwano, ya tarar da jama’a cirko-cirko a bakin hanya. Saje ya ja igiya ya tare ƙofar fili, yana tsaye ƙyam da takarda a hannu, yana tambayar kowa lasisi. Har Yari, kawun Saje, wanda ya rufa rabin gidajen unguwar, an ce ya ja da baya.

Kefas ya matso ya rage murya, ya ce ai wannan rubutu ne kawai irin na intanet, don ado ake sa shi.

“Ni na sa hannu, kai ka sa hannu,” in ji Saje. “Ban taɓa sa hannu don ado ba.”

“Baba Saje, dubi gabas. Ruwa ne fa.”

“Na gani. Ina naka lasisin?”

“Yana hanya, Baba.”

“To tsaya nan ka tare shi.”

Haka ɗan kwangila ya koma bayan igiya tare da sauran marasa lasisi. Yari ya tambaya ko cin tuwo ma sai da takarda. Dinah ta duba daga farko har ƙarshe ta ce babu wannan. Sai aka zauna gindin ɗorawa aka yi wa akuyar Saloma aikin da ba a yi wa rufi ba, ana ta gaida Injiniya da ƙoƙari.

Kefas ya figi babur ya nufi Zuru don Peculiar ta cire sharaɗin a sake bugawa. Ya tarar babu wuta, janaretan shagon babu mai, ita kuma ta fita. Yana tsaye yana kiran layinta ɗigon farko ya faɗo masa a hular kwano.

Ruwan ya zo da iska, ya wuni yana zuba. Washegari da aka tashi daga coci, duk wanda ke da fartanya ya tafi gona shuka, ba mai sauran lokacin gayya sai bayan kaka. Saje ya zagaya ginin, ya tabbatar da cewa ba wanda ya karya doka.

Abin da ya salwanta shi ne bango uku da rabi, buhun siminti takwas da aka ajiye don shafe, akuya ɗaya, da aikin Kefas. Takardar dai ba abin da ya same ta, domin Peculiar ta sa mata leda.